Amarya da 'Yar Fitilar Mota

A wani gari an yi wata amarya mai kunya, wadda ko tari ba ta iya yi a gaban mijinta. Wata rana tana daka, sai taɓarya ta kuɓuce mata, ta fasa 'yar fitilar gefen da ke gaban motar maigida. Ta ce a ranta, "Ba mai sani."

Ta lallaɓa wurin maƙwabciyarta, matar makanike, ta samo sabuwa. Ta kwance fasasshiyar da wuƙar yanka albasa, ta cusa sabuwar da ƙyar tana gumi. Ta ce a ranta, "Ba mai sani."

Da la'asar maigida ya dawo, ya tsaya yana kallon mota. Ya ce, "Amarya, yaushe motata ta zama harara-garke?" Ashe fitilar dama ta samo, ta ɗaura a hagu.

Ta so ta ɗora wa akuya laifin, amma ta kasa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Malam, ni ce. Ni na fasa, ni na gyara."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙa mata sukudireba. "To, bismillah, oga. Kwance mu sake, yau ni ne yaron shago."