Koren Kwat a Cikin Makoki

Nanise na zaune a bakin gado da tabarmar makoki irin ta mutanen Tonga a cinyarta, ta kasa ɗaura ta a ƙugu, ta kasa ajiye ta. Tun da mahaifin mijinta ya rasu, gidan nasu na Blacktown, a gefen birnin Sydney, ya koma masaukin dangi, katifu a falo, tukwanen rogo a kicin, takalma tuli a bakin ƙofa. Yau ne kawai aka yi sa'a kowa ya fita da sassafe.

Mijinta Kelepi ya shigo riƙe da koren kwat, sai tururin guga yake yi.

"Tashi mana, Nise, jirgin ƙasa ba ya jiran kowa."

"Kelepi, mene ne wannan kuma?"

"Kwat ɗinki. Wanda kika saya don intabiyu."

"Kafin Baba ya rasu na saya! Ka manta abin da Gwaggo ta ce? Baƙaƙen kaya har shekara, tabarma kuma duk inda za a fita."

"Gwaggo tana Mount Druitt, ke cikin Sydney za ki. Mutanen can ba su san tabarma ba. In kika shiga musu da ita, rabin lokacin za su yi suna tambayar ki mece ce, rabin kuma suna tausaya miki. Tausayi kika je nema?"

Nanise ta dubi kwat ɗin. Shekara goma sha biyu ke nan tana aiki a wani kamfanin ajiyar kayan sanyi. Daga ɗaukar kwali ta fara, har ta kai ga ita ke rarraba wa kowa aiki, daga nan kuma hanya ta toshe, domin kujerar manaja sai mai takarda. Shugabanta ya faɗa mata a fili cewa manajansu zai yi ritaya, in ta samu shiga gajeren kwas ɗin nan na digirin kasuwanci da ake yi wa ma'aikata, shekara guda, yammacin Juma'a da yinin Asabar, to kujerar tata ce. Ta rubuta bayanin kanta har sau biyar tana yagawa, ta samo mutum biyu da suka yi mata shaida. Da yake ba ta da digirin farko, dole sai ta zauna gaban malamai sun ji daga bakinta. Ta roƙi a ɗaga mata ranar saboda rasuwa, aka ce ita ce ta ƙarshe a bana.

Kelepi ya durƙusa a gabanta ya kama hannunta.

"Ubana ne ya mutu, ni ne kuma na ce ki cire. Da yana raye shi zai fara korar ki ki tafi. In magana ta tashi, ni zan tsaya."

Abin da ya karya mata zuciya ke nan. Shekara uku da aurensu, bai taɓa yi mata alkawari ya saɓa ba. Ta ninke kwat ɗin ta sa a jaka, ta fita da baƙaƙenta da tabarmarta kamar kowace suruka ta gari, sai da ta isa tashar cikin gari ta shiga banɗaki ta canza.

Intabiyu kam ta yi kyau. Malamai uku, tambaya kan tambaya, Nanise na amsawa har ita kanta tana mamakin bakinta. Ta fito tana jin kamar ta yi tsalle. A bakin ƙofar gilashi ne ta ji an gaishe ta da yaren gida. Ta waiga. Saia ne, mai babbar muryar nan ta ƙungiyar mawaƙan cocinsu, sanye da kayan masu gadi. Duk faɗin Sydney, a ce nan ne aka turo shi aiki!

 Idonsa ne kawai ya sauka daga koren kwat zuwa ƙugunta, ya tsaya a can. Saia ba mugu ba ne, matarsa kaɗai ya faɗa wa. Matar tasa ma mutum ɗaya ta faɗa wa. Kafin Lahadi har dangin da ke Tonga sun ji, kuma a bakinsu kwat ɗin ya riga ya zama ja, an ƙara masa jan-baki da dogon takalmi.

Bayan coci aka kira su gidan Gwaggo Lesieli, yayar marigayin. Kowa na ƙasa a tanƙwashe, ita kaɗai ke kan kujera. Wanda ya tashi a cikinmu ya san matsayin 'yar'uwar uba: ba a musu da ita, ba a ɗaga mata ido, ko ragowar abincinta ɗan ƙanenta ba ya taɓawa.

"Nanise," in ji Gwaggo, muryarta ƙasa-ƙasa, "ƙanena ko wata guda bai yi a kabari ba. Shi da ya karɓe ki hannu biyu, yana kiran ki 'yata. An ce an gan ki a gari kin yi shar da ke kamar mai zuwa biki. Ƙarya aka yi miki?"

"Ba ƙarya ba ce, Gwaggo. Na yi kuskure, ki yafe mini."

"Kunyarmu kike ji? Tabarmar da kakanninki suka ɗaura ita ce abin ɓoyewa a jaka, don kada Turawa su gani?"

Hawaye suka zubo wa Nanise. Ta saci kallon mijinta. Kansa na ƙasa, gumi na tsattsafo masa a wuya.

Gwaggo ta juya gare shi. "Kai fa, Kelepi? Da saninka aka yi wa ubanka wannan?"

 Ƙannensa na kallonsa, mahaifiyarsa na kallonsa da kumburarrun idanu. Kelepi ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"A'a, Gwaggo."

Nanise ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara a baya. Maganar na bakinta, kalma huɗu kacal za ta faɗa ta wanke kanta. Amma ta dubi mutumin nan, ƙato guda yana rawar jiki kamar yaro, ta san in ta faɗa, ya rasa uba ya kuma rasa dangi a wata ɗaya. Ta haɗiye.

"To," Gwaggo ta ce, "ta koma gidan uwarta har a fita makoki. Ranar nan za mu ga ko akwai sauran zama."

Sati biyu da komawarta gida saƙon makaranta ya shigo wayarta: an ɗauke ta. Ta karanta a kicin, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Mahaifiyarta ta karɓi wayar ta sa tabarau.

"Yo wannan abin kuka ne? Ke, tashi ki amsa musu!"

"Mama, ranar Asabar ake karatun. Ranar Asabar kuma ake taron addu'a a gidan Gwaggo har shekara ta cika. In na tafi aji, shi ke nan na tabbatar musu da abin da suke faɗa."

"Sun kore ki, za ki je ki yi musu girki? Miji ya suɓuce, karatun ma ki bar shi ya suɓuce? Wai shi sakaran mijin naki, bai san za ki intabiyu ba ne?"

"Mama, ki bar maganar."

Ta rubuta wa makarantar ta roƙi a ajiye mata gurbin zuwa baɗi. Suka amsa cikin ladabi cewa wannan kwas ba a ajiye wa kowa gurbi, sai dai ta sake nema daga farko. Ta kwana uku tana juya abin a ranta, a na huɗu ta rubuta musu ta ce ta haƙura. Shugabanta ya kira ta ofis ya yi ta mita, ya ce shi bai gane wannan irin al'ada ba. Bayan wata biyu aka kawo sabon manaja daga waje, saurayi mai fara'a, ita ce ma ta zagaya da shi ta nuna masa ma'aikata.

Ranar da yamma ta fito ta tarar da Kelepi jingine da motarta, da rigar direbobin bas a jikinsa. Ya rame har wuyansa ya fito.

"Nise, na ji an ba wani kujerar."

"An ba shi."

"Ba na barci, Allah ya sani. Ki faɗa musu gaskiya, ki ce ni ne. Na yarda."

Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Ni in faɗa? Bakinka fa, a bas ka manta shi? Kai ka goge mini kwat, kai ka ce a'a, yanzu kuma ni zan ɗauki gaskiyar taka in kai maka gaban Gwaggo? Haba, Kelepi!"

"Ba ki san yadda nake ji ba in ta dube ni. Harshena mutuwa yake yi."

"To ni rayuwata ce take mutuwa. Matsa in wuce."

Ta ja mota ta bar shi a tsaye. Sai da ta sha kwana ta faka a gefen titi ta yi kukanta mai isarta, domin abin haushin shi ne har yanzu tana son sa.

Kowace Asabar sai ta ɗaura tabarmarta ta tafi gidan Gwaggo. Ba ta shiga falo. Ta ƙofar baya take wucewa inda ake girki, ta zauna ta yi ta feren rogo da gwaza, ta naɗe nama a ganye, ta wanke tukwane. Ba mai amsa gaisuwarta sai sama-sama. 'Yan matan gidan kuwa sun samu abin yi.

"Ku matsa wa manaja ta zauna!"

"Madam, yau ba a sa kore ba?"

Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya shigo. Wata Asabar ta ga hoton ɗaliban da aka ɗauka a shafin makarantar, suna dariya riƙe da kofunan shayi, a daidai lokacin hannunta na cikin ruwan wanke-wanke. Ranar ta koma gida ta ce wa mahaifiyarta ta gaji, ba ta ga abin da take jira ba. Asabar ta gaba kuma ta sake ɗaura tabarma ta tafi. Ni dai da nake ba ku labarin nan, da ni ce da tuni na fasa ƙwai kowa ya huta, amma Nanise ba irina ba ce.

Ranar fita makoki gidan ya cika maƙil. Bayan addu'a Gwaggo ta sa aka kira Nanise daga wajen girki. Ta shigo hannunta duk toka, ta zauna a bakin ƙofa.

"Na ga zuwanki," in ji Gwaggo, "ban ce ban gani ba. Amma macen da za ta ɓoye wa mijinta abu irin wannan a makon kukansa, gobe me za ta ɓoye masa? Mun yi shawara. Gara kowa ya kama..."

"Gwaggo!"

Kowa ya juya. Ba a taɓa katse Gwaggo Lesieli ba a gidan nan. Kelepi ya ja jiki da gwiwa har gaban kujerarta, ya kifa goshinsa a ƙasa.

"Ni ne. Ita ta ƙi, ni na matsa mata. Da hannuna na goge kwat ɗin. Kika tambaye ni na yi miki ƙarya, a gaban uwata, a gaban kowa. Ta samu karatun ta bari, aikin ma ya wuce ta, duk saboda ni. In kora ce, ni za ki kora."

Mahaifiyarsa ta saki salati irin namu ta rufe baki. 'Yan matan nan masu tsiya suka sunkuyar da kai. Gwaggo ta ɗago ta dubi bakin ƙofa.

"Ke! Shekara guda ana zagin ki a gidana, me ya hana ki magana?"

"Ranar ba shi da uba, Gwaggo," Nanise ta ce. "Ban so ya tashi ba shi da ke ba."

Tsohuwar nan da ko a jana'izar ƙanenta ba a ga hawayenta ba, sai ga shi tana share ido da bakin mayafi. Ta miƙa hannu ta ce Nanise ta matso, ta zaunar da ita a gefen kujerarta, inda suruka ba ta taɓa zama ba. Kelepi kuwa ta bar shi kife a ƙasa har aka gama cin abinci, ba wanda ya ce masa tashi.

"Ɗauki matarka ku tafi," ta ce masa daga ƙarshe, "in ta yarda ta bi ka. In ni ce ba zan bi ba. Karatun nan kuma ta sake nema, duk wanda ya kira ta girkin Asabar ya zo ya same ni."

Nanise ta bi shi. Ta sake neman kwas ɗin, ta sake rubuta bayanin kanta, ta sake zama gaban malamai, aka kuma ɗauke ta. Kujerar manaja dai tana hannun saurayin nan, kuma da alama ba inda za shi. Kullum da safe ita ke fara gaishe shi.

Haƙuri ya mayar wa Nanise da mijinta, ya mayar mata da mutuncinta a idon dangi fiye da na da. Shekarar da ta yi a wajen girki da kujerar da ta yi wa wahalar shekara goma sha biyu kuwa, ba wanda ya iya mayar mata. Kelepi ya san haka, kuma da sanin zai ci gaba da zama da ita. Saboda haka, samari da 'yan mata, in wanda ke son ku ya rufa muku asiri, ku yi maza ku faɗi gaskiya tun a zaman farko. Gaskiyar da aka jinkirta tana gyara zumunci, amma sai bayan wani ya yi asarar da ba ta dawowa.