Ƙugiyoyin Baba

Da ihu suka fara sanin juna. Auta ta kawo wa babanta ruwa bakin kogi, wani saurayi ya ɗaga sandar fatsa zai yi jifa, sai kifin robar da ke bakin zaren ya yi baya ya cafki gyalenta. Ƙugiyar da ke jikinsa mai baki uku ce, kowane baki kuma ya sami rabonsa. Saurayin ya daskare, haƙurin ma ya kasa fita daidai, sai ita ce ta ɓalle abin da kanta.

Bakanike ne, mai saurin hannu da saurin yanke shawara. A ranar ya cire duk ƙugiyoyinsa masu baki uku ya sa masu baki ɗaya, ya danne ƙayar da ke hana su fita da filaya. Washegari ya kawo sabon gyale, ya tafi da lambar waya.

"Autar zuciyata, na je kamun kifi ni aka kama. Don Allah kada ki sake ni," ya rubuto mata.

"Ɗan Fatsa, ka fara koyon jifa tukuna," ta mayar masa, tana murmushi ita kaɗai.

Wata shida soyayya ta yi nisa. Baba, tsohon direba, ya yarda da shi har ya ba shi akwatin kifayen robarsa ya gyara masa marfi. Akwatin nan kuwa ko Mama ba ta taɓa shi. Bakanike ya buɗe ya ga ƙugiyoyi sun yi tsatsa, ya tuna hannun tsohon ya fara rawa. Sai ya zauna ya canza su duka arba'in zuwa masu baki ɗaya marasa ƙaya, yana jin ya yi abin kirki.

Da Baba ya buɗe akwatin a falo, sai da ya nemi kujera. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan.

"Shekara talatin ina tara su," ya ce a ƙarshe. "Wanda zai juya mini kayana bai tambaye ni ba, in na ba shi 'yata me zai yi da ita? Tashi ka fita."

Mama ta saki faranti. Kafin sati ya zagayo, ɗan maƙwabci mai shagon magani ya fara sintiri a ƙofar gida, Baba kuma yana amsa gaisuwarsa da fara'a. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta kira Bakanike a waya.

"Ka kashe mu da gwanintarka. Ina sonka, amma Baba yana da gaskiya."

"Na sani, Autata. Hannuna ya riga hankalina."

Ranar Asabar Baba ya tafi kogi don ya nuna wa kowa an lalata masa kaya. Jifa na uku kifin robar ya maƙale a kututture. Ya fizga da haushi, abin ya dawo masa a fuska kamar dutse.

A asibiti Auta ta ga jini a rigarsa, ta ruga wurinsa. Likita ta ce ƙugiyar ta shiga fatar ido ta fita salin-alin saboda ba ƙaya. Da mai baki uku ce, ɗayan bakin a ƙwayar idon zai sauka.

Baba ya sa aka kira Bakanike. Ya shigo a firgice, ya durƙusa gefen gado.

"Idona ya tsira, amma laifinka na nan," in ji Baba. "Ka koyi tambaya."

"To Baba, ina tambaya. A ba ni Auta?"

Mama ta rufe baki, Auta ta ɓuya a bayanta. Tsohon ya daɗe yana kallonsa da ido ɗaya.

"A bari a kwance bandejin nan. Da ido biyu nake son ganin auren 'yata."

Haka kuwa aka yi. Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannayensu, idanunsa biyu cike da hawaye, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Duk gidan ya amsa da amin.