Gurbin Ƙwarewa a Takardar Auta

"Auta, wannan gurbin fa ba zai cike kansa ba."

Injiniya ne ya faɗa, yana nuna fuskar kwamfutarsa da gindin biro. Ba injiniyan komai ba ne, gyaran waya yake yi a bakin titi, ni na laƙa masa sunan ya bi shi. Shi ne kuma wanda zan aura, in dai taurin kansa bai kashe ni kafin lokacin ba.

Muna falonmu da yamma, takarduna baje a kan tebur: satifiket, sabon lasisina na nas, da hoton da na fito kamar wadda aka yi wa sata. Takardar neman aiki muke haɗawa. Suna ya shiga, makaranta ta shiga, koyon aikin da na yi a sashen yara da na haihuwa duk sun shiga. Da muka zo kan ƙwarewar aiki sai muka cije.

"Bar shi haka," na ce. "Jiya-jiya na gama makaranta, a ina zan samo ƙwarewa?"

"A cikin gidan nan."

Na harare shi, don na san inda ya dosa.

Asibitin bayan layinmu ne ke neman nas a sashen masu shanyewar jiki, sun kuma ce sun fi son wadda ta taɓa irin aikin. In na samu, za mu kama haya kusa, in yi aurena in riƙa leƙa Baba safe da yamma. In ban samu ba, sauran asibitocin duk nesa suke, ni kuwa ba zan tafi in bar Baba ba. Auren ne zai ci gaba da jira.

"Gaskiya kawai za ki rubuta," in ji shi. "Shekara uku kina jinyarsa. Wa ke juya shi? Wa ke auna jininsa, wa ke motsa masa gaɓoɓi? Wa ya koya masa riƙe cokali? Likitansa ma ya ce zai tsaya miki."

"Rage murya..."

Na kalli labulen ɗakin Baba. Direban babbar mota ne a da, ƙato, shi kaɗai yake mirgina taya yana waƙa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya rufe ƙofarsa. Abokansa ma sun gaji da zuwa suna komawa. Daga ni sai Mama sai likita muke ganinsa.

"Kai da kake sintiri a gidan nan, ka taɓa ganin fuskarsa?" na tambaye shi.

"Ta bayan labule nake gaishe shi."

"To mutumin da bai yarda kai ka gan shi ba, shi zan baje a takarda, kowane akawu ya karanta yana hamma? A intabiyu su ce wane ne majinyacin, in ce ubana ne, ni nake ɗaga shi kamar jariri?"

Ya murza biron a yatsunsa.

"Ni kuma fa, 'yar nas ɗina?" ya ce a hankali. "Ba ƙorafi nake ba. Amma labulen ɗakinmu da na saya har ya fara koɗewa a leda... Ina son ki ne, shi ya sa nake gaggawa."

Zuciyata ta karye. Ina son yaron nan, son da ko Mama ta daina yi mini tsiya a kai. Amma ba zan sayi aure da mutuncin Baba ba.

Sai muka ji ƙarar cokali a jikin ƙarfen gado. Haka Baba yake kira.

Na same shi a jingine, Mama na gefe tana ninke wanki, ta yi fuska kamar ba ta da kunne. Maganarsa a hankali take fita yanzu, sai ka jira ta.

"Jikina ne ya shanye, Auta. Kunnena garau yake."

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan rubuta ba..."

"Kira mini yaron nan."

Na kalli Mama. Ta ci gaba da ninke zanen da ta riga ta ninke.

Injiniya ya shigo rungume da kwamfuta, saura kaɗan ya ci tuntuɓe da keken guragun Baba. Ya durƙusa, kai a ƙasa, gaisuwar ma sai da ya maimaita ta don ruɗewa.

"Ɗago ka gan ni da kyau," in ji Baba. "Ka gani? Abin da take ɓoyewa ke nan. Ni na ɓoye kaina, ban san har da ita na ɓoye ba. Buɗe abin nan ka rubuta."

Ya buɗe.

"Rubuta: ba ta taɓa makara da magani ba. Rubuta: hannunta da taushi, bakinta da kaifi."

"Wannan gadon gidanku ne," in ji Mama.

"Baba, ba a rubuta haka a takardar aiki," na ce, ina dariya ina share ido.

"To ki sa shi da yarenku na asibiti. In suka ce waye, ki ce ubanki ne, ki ɗaga kai ki faɗa. In ba su yarda ba, su zo su duba bayana. Shekara uku a kwance, ko ƙurji babu."

A bakin gadon na zauna na cike gurbin da hannuna. Layi kaɗan ne: jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a gida, kare fata daga gyambon kwanciya, motsa gaɓoɓi, ciyarwa, lura da hawan jini. Ban taɓa rubuta abin da ya yi mini daɗi haka ba.

Lokacin juya shi ya yi, na miƙe na naɗe hannun riga.

"Tsaya," in ji Baba. "Kai, ajiye na'urar nan. Ranar da take bakin aiki, wa zai juya ni? Uwarta baya ya ƙi. Auta, nuna masa."

Aikin dai na samu daga baya, aure ma an yi. Amma a wurina, a wannan yammar Baba ya ba da ni.

Na kama hannun Injiniya na dama na sa a kafaɗar Baba, na hagu a ƙugunsa. Na ce ya lanƙwasa gwiwa, ya jawo zuwa jikinsa, kar ya fizga. Gumi ya keto masa. Ya juya shi a hankali, ni kuma na tura filo a bayansa.

Baba ya lumshe ido, ya saki ajiyar zuciya.

"Ba laifi, ɗana," ya ce. "Gobe ba sai ka tsaya a labule ba."