Ranar da Sarki Ya Narke

Da hantsin Talata aka kira Sufeto Odile Vasseur zuwa ɗan gidan tarihin garinsu, kusa da Metz. Madam Ghislaine, mai kula da gidan, ta tare ta a bakin ƙofa tana haki.

"Ranki ya daɗe, sarki ya narke."

Sarkin da take nufi wani kuɗin zinariya ne mai hoton sarkin Farankawa, mutanen da suka mulki yankin a da, mai shekara kusan dubu da ɗari biyar, wanda duk garin ke tinƙaho da shi. Sufeto ta leƙa akwatin gilashin, ta dangwali abin da ke ciki, ta lasa. Cakulan ne a takarda mai ruwan zinariya, zafin fitila ya tona masa asiri. Ba a fasa kwaɗo ba. Madam Ghislaine ta ce makulli biyu ne, nata da na Malam Aubin, tsohon malamin tarihi mai zagayawa da baƙi. In zinariyar ba ta dawo ba kafin bikin gari ran Lahadi, aikinta ya tafi.

Sufeto ta wuce shagon Baptiste mai cakulan. Da farko ya rantse bai san takardar ba, sai da ta nuna masa tambarin shagonsa a bayanta. Ya sosa ƙeya ya ce gwaji ne na biki, guda shida ya yi, duka ya ba Malam Aubin.

"Don ya huce," in ji shi. "Shekara ashirin shi ke fitowa a sarki a wasan biki, bana kwamiti ya ba mahauci."

Ta iske Malam Aubin a lambunsa yana ba tumatir ruwa. Shi ya koyar da ita a firamare, don haka sai da ta gaishe shi da kyau.

"Malam, ina cakulan shida?"

"Na cinye, 'yata."

"Shi da ciwon sukari?" matarsa ta ce ta taga. "Biyar na gani a aljihunsa, ni na cinye su."

Malam ya ajiye butar. Sufeto ta nemi ganin kayan wasansa. A ɗaki, kan kabad, ga kambin sarauta na kwali, ga zinariyar an manna ta a goshin kambin da danƙo.

Bai yi musu ba. Ya zauna ya fara bayani kamar yana aji: a wancan zamanin Sarkin Rum kaɗai ke buga sunansa a zinariya, sai wannan Bafaranke ya buga nasa, don duniya ta san shi ba yaron kowa ba ne. Niyyarsa ran Lahadi ya fito da ita a ka, a ga wane ne sarki tsakaninsa da mai sayar da tsiran alade.

"Malam, shi nasa ya buga. Kai na mutane ka ɗauka."

Ya yi dariya. "Da kin amsa haka a jarrabawa da kin ci."

Ta ɓamɓare zinariyar a hankali, ta sa a ambulan. Ba ta sa masa ankwa ba, ta dai buɗe masa ƙofar mota ta baya. Ya shiga ya gyara zama, yana ɗaga wa maƙwabta hannu.

"Ja a hankali ta gaban shagon mahaucin nan," ya ce. "Ya ga wanda hukuma ke tuƙawa."