Majigin Jibo a Hanyar Kurfi

Jama'a, ku matso ku sha labari!

Jibo gwanin kwaikwayon majigin Sallah ne. Farin zane, fitila, inuwar yatsunsa, sai ga jarumin fim ya koma mai tallan fura, kowa na dariya.

Daren Sallah yana dawowa daga Kurfi, wani tsoho mai murya kamar daga rijiya ya tare shi.

"Yaro, ba ka wucewa sai ka ba ni dariya."

Jibo ya rataya zane a tsamiya, ya yi ta yi har kananzir ya kusa ƙarewa.

"Baba, don Allah ko murmushi!"

Hannuwan Jibo suka gaji, ya sauke su.

Inuwar ta ci gaba da tallan furarta.

Ku ne, ya za ku yi?