Jan Wejin Vendelin

Da la'asar masu ceto suka sauko da gawar Vendelin Sroka daga bangon dutsen da ke saman tafki, igiyarsa na naɗe a kan ƙirjinsa. Kafin motar da ta ɗauki gawar ta isa asibitin garin Poprad har gari ya yanke hukunci: tsufa ne, ido ya mutu, mutum ya ƙi ajiye sana'a.

Matarsa Etela ta ji wannan magana a ƙofar asibiti, kuma ba ta yi kuka ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hawa da mutane duwatsun Tatra yana dawo da su gida lafiya, yau shi ake kira sakarai tun ba a binne shi ba. Ta rantse a ranta sai bakunan nan sun haɗiye maganarsu.

Washegari ta shiga ofishin Sufeto Gejza ba sallama. Ajinsu ɗaya a firamare, don haka ba ta jira ya ba ta kujera ba.

"Nuna min abin da ya kashe shi."

Gejza ya turo mata leda. A ciki akwai weji, ɗan dunƙulen ƙarfen nan mai waya da masu hawa ke cusawa a tsagar dutse su rataya ransu a kai. Ja ne, duk ya kurje.

"Shi ya fizge, Etela. Ya biyo shi ƙasa a jikin igiya. Haɗari ne, ki yi haƙuri."

"Haƙurin uwar wa? Juya shi ka gani. Gefensa biyu kauri ɗaya, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To wannan daidaitacce ne. Tsagar da ake saukowa daga ita ramin tsohuwar ƙusa ce, bakinta a wage, cikinta a tsuke. Daidaitacce ba ya zama a irinta, gefe ɗaya kawai yake taɓawa. Sai karkatacce, mai gefe ɗaya kauri ɗaya siriri. Vendelin ya san ramin nan kamar aljihun wandonsa."

"Ko gwani yana kuskure."

Ta ɗauko ɗamarar hawan mijin da ke kan tebur, ta baza ƙarafan. Kowanne da ɗigon koren fentin farce a wuyansa, irin wanda ita da kanta take shafa musu don kada su cakuɗe da na wasu.

"Ga daidaitattunsa nan cif, har da jan. Ga karkatattun, jan ne kawai babu. Na cikin ledarka kuwa ba fenti. Ba nasa ba ne, Gejza. Wani ne ya cire nasa ya sa wannan."

Sufeto ya sake duba ledar. Sannan ya ɗauki hularsa.

Mutum biyu ne suke tare da marigayin a ranar: abokinsa, da wani baƙo ɗan koyo da ya hau da shi. Etela da Gejza suka fara da Imrich, abokin hawansa, wanda kowa ya san sun yi cacar baki a mashaya makon da ya wuce. Suka tarar da shi a bukkar masu hawa, kwanon miyar kabeji na gabansa har ya huce. Ƙato ne na gaske, kujerar ma kuka take a ƙarƙashinsa.

Gejza ya ce, "An ce ka yi masa barazana."

"Cewa na yi zan fasa masa baki, Yallaɓai. Tun muna samari nake faɗa masa haka, bai taɓa rasa haƙori ba." Ya juya. "Yaya Etela, ke ma zargina kike?"

"Kowa nake zargi. Wa ya kafa wurin sauka?"

"Shi. Jan karkatacce ya sa, ina kallo. Ya ƙara na ko-ta-kwana a sama, ya bar madaurinsa a sake, yadda aka saba."

Yadda aka saba ɗin shi ne, mafi nauyi ya fara sauka. Idan wejin ya riƙe shi, to zai riƙe kowa. Idan ya fizge, na ko-ta-kwana ya cafke. Na ƙarshe shi ke cire na ko-ta-kwanan ya sauko a kan weji ɗaya, tunda an riga an gwada.

"Kai ka fara?"

"Wa ya kai ni nauyi? Ko motsi bai yi ba. Sai baƙon ya biyo, amma ya jima kafin ya taso, ga yayyafi ya fara. Sai Vendelin." Ya ture kwanon gefe. "Ban ma ji ihunsa ba."

"Baƙon yaya ya sauko?"

"Sumul! Har na ce masa, kai, ɗan koyo da irin wannan ƙafa? Ya ce sa'a ce."

A waje Etela ta ce, "Ka cire Imrich. Da wannan jan banzan ne a ramin lokacin da ya rataya, da tuni ya fizge. Bayan saukarsa aka canza."

Baƙon yana wani masauki a garin Smokovec, yana haɗa jaka. Dattijo ne siriri mai furfura, ya ce sunansa Kornel, daga Bratislava, hawansa na farko ke nan. Ya miƙe ya rusuna.

"Uwargida, ina taya ki baƙin ciki. Mutumin kirki ne."

Ta kama hannun da ya miƙo, ba ta sake shi ba. Gaɓoɓin yatsunsa na dama duk sun ɗaye, ɗanyen ciwo.

"Me ya same ka nan?"

"Dutse ne ya kurje ni."

"Dutse cikin tafi yake kurje ɗan koyo. Wannan ciwon wanda ya daki ƙugiyar ciro weji ne hannunsa ya zame. Wejin da ƙato irin Imrich ya hau ba ya fita da lallami, sai an yi ta duka."

"Ni ban ma san abin da kike faɗa ba."

Gejza ya ce, "To ba ka da abin tsoro. Muna iya ganin motarka?"

Ya ba da makullin da hannunsa, yana murmushin da bai kai ido ba. Ƙarƙashin tayar safaya suka sami buhu. A ciki akwai ɗamarar hawa da ta sha jiki, da ƙugiya, da jerin daidaitattun weji, jan ne kaɗai babu. A can ƙarshen jerin kuma ga jan karkatacce, da ɗigon koren fenti a wuyansa.

Etela ta yi wata dariya mara daɗi.

"Ka iya kashe mutum, amma ka kasa jefar da weji mai kyau. Duk haka kuke ku masu hawa, ai na san halinku."

Gejza ya buɗe katin shaidar da ke aljihun buhun. "Kornel Dulava."

Sunan ya daki Etela. Dulava. Sunan saurayin nan ke nan da ya maƙale a bangon cikin hunturu shekarun baya har ya mutu, lokacin Vendelin na jagorantar masu ceto.

Dattijon ya zauna a bakin but ɗin motar. Ladabin nan duk ya zube daga fuskarsa.

"Ɗana yana ta kira a waya yana cewa sanyi, Baba, sanyi. Mijinki ya juya da mutanensa daga gindin dutsen, wai ƙanƙara za ta zaftaro. Ya koma gida ya sha shayi. Ban yi nadama ba, ku rubuta."

Gejza ya ce, "Launi ɗaya ka zaɓa don ya ga ja a cikin rami ya ɗauka nasa ne. Ka tsuke madaurin na ko-ta-kwana ka sauko a kansa. Vendelin kuma ya cire shi, ya jingina da naka. Abin da ban gane ba, ina yake lokacin da kake ta duka?"

"Ya zaga bayan dutse. Fitsari, ina ji."

"Ba fitsari ba ne," in ji Etela.

Ta matso har tana jin numfashinsa. Ba ta ji tausayinsa ko kaɗan ba. So take ya ji ciwo, ciwon da ba zai warke ba.

"Ya juya da mutanensa, gaskiya ne, don kada a binne su tare da ɗanka. Da gari ya waye shi kaɗai ya koma. A bayan dutsen nan ya same shi, a kan wani ɗan tudu, ya riga ya sandare. A bayansa ya goyo maka shi har ƙasa. Sanyin ranar ya cinye masa yatsun ƙafa, shi ya sa ba ka gan shi wurin jana'iza ba, yana asibiti ana yanke su. Tun daga lokacin bai taɓa wuce wurin ba sai ya zaga ya kunna masa kyandir. Kana can kana dukan wejinsa, shi yana durƙushe yana kare ashana daga ruwa saboda ɗanka."

"Ƙarya kike."

"Gejza zai hau da mutanensa su ɗauki hoton ramin. Ka ce su zaga su ɗauko maka kyandir ɗin."

Gejza ya sa wa Dulava ankwa, ya kai shi mota.

Etela ta leƙa ta tagar motar.

"Ina roƙa maka tsawon rai, Kornel. Mai yawa."

Ta juya ga Sufeto. "Gobe kafin a shiga coci za ka tsaya a bakin ƙofa, ka faɗa wa garin nan da bakinka cewa mijina bai yi kuskure ba."

"Zan faɗa."

Sai a lokacin ta zauna a kan dakalin masaukin, ta rufe fuska da hannu biyu, kukan ya zo.