Tsiren Bayan La'asar

Ranar Talata, kasuwar Mafara na tsakiyar ci, motar Bakura ta juyo daga hanya ta sauke mutum biyar a ƙofar asibiti. Amai, zufa, yawu na dalala kamar na jinjiri. Kafin magariba wasu uku sunka iso daga hanyar Maradun. Duk bakinsu ɗaya: tsiren Gajere na bakin tasha.

'Yan sanda sunka ɗauke Gajere, dattijon da ya shekara ashirin yana gashi a wurin, sunka ce jibi kotu. Anka miƙa binciken ga Ɗayyabu duba-gari. Babur ba mai, ofis ba kayan gwaji. Biro gare shi, sai hancin da Allah ya ba shi.

Da safe ya iske tsohon a bayan kanta.

"Baba Gajere, tsakaninka da Allah, mushe ka gasa?"

"Ɗana, ji tsoron Allah. Barau ya yanka sa da hantsi, gaban kowa."

Ɗayyabu ya tai mahauta. Barau mahauci ko wuƙa bai aje ba. "Sa guda, masu tsire huɗu sunka raba. Ka ji an ɗauki wani daga wurin ukun? Kayan cikin ni da iyalina munka ci, ga ni ƙato."

Ɗayyabu ya soke sunansa, ya taka zuwa gidan Taibatu mai dakan yaji.

"Yajina rabin garin ga ka ci," in ji ta. "In guba ce, da Mafara ta koma kufai. Kauce mini, yaro, turmi na jira."

Ya soke nata da tsaki. Rana ta take, takalmi ya ci ƙafa, hannu wayam. Ya nufi asibiti wurin Hamdiyya, malamar jinya.

"Ruɓaɓɓen nama sai an jima yake kama mutum," ta ce. "Waɗanga nan take sunka zube. Irin ciwon manoman da ka feshin shinkafa ba takunkumi ne."

Ya bi gadajen ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: yaushe ka saya? Duk takwas, bayan la'asar. Direban motar kuwa tsinke shida ya share da azahar, ga shi can yana faɗa kan kujerun da anka ɓata masa.

Ɗayyabu ya nufi tasha, ya durƙusa gaban teburin Gajere. Ƙudan Mafara, da ko mari ba ya tada su, ga su nan zube ƙafafu sama. Ya shinshina katakon. Ƙarƙashin ƙaurin mai, warin fiya-fiya, maganin ƙwari. Ya zazzage buhun Gajere kaf, ba kwalba.

Sai bayan kanta kuma.

"Baba, jiya ka bar teburinka?"

"Ko taki."

"La'asar fa? Ɗage maka ita anka yi?"

"Haba, salla ai ba barin tebur ba ce. Abdulrashid mai kankana ka duba mini, kamar kullum."

Ɗayyabu ya buga biro a kanta. "Tun safe nike yawo kamar akuyar da ta ɓace, Baba, sai yanzu!"

Abdulrashid na yanka kankana a baro, taku uku daga teburin tsiren.

"Maigida, yau ƙuda sun ɗaga maka ƙafa," in ji Ɗayyabu.

"Ai tunda anka rufe wancan, mun huta. Su ka kore mini masu saye."

Ɗayyabu ya zura hannu ƙarƙashin baron, ya zaro robar ruwa mai hudajjen murfi. Warin ya riga shi magana.

"Wanga fa, turare ne?"

Wuƙar ta tsaya. "Ƙasa na fesa."

"Ƙasa kaɗai?"

"Da... ɗan sama kaɗan. Wuta ai tana kashe komi. Taimako na yi mai, wallahi!"

"Taimako! Nama lafiya, yaji lafiya, wanda ya ci da azahar lafiya. Tsakanin azahar da amai abu guda ya canza: Baba ya tai masallaci, kai ka tsaya. Ƙuda sunka dame ka, ka yi musu wanka har da tsiren mutane. Mutum takwas na kwance, tsoho na jiran kotu, kai kana nan kana yanka kankana. Mu je."

Ranar Alhamis da hantsi anka saki Gajere. Ya wanke tebur da toka da ruwan zafi, ya hura wuta, ya jera tsinke. Motoci uku sunka cika sunka tashi, ko mai tayawa babu.

Da ladan ya kira la'asar, mai shayin gefensa ya ce, "Tai abinka, Baba, ina dubawa."

Gajere ya dube shi, ya dubi naman. Ya janyo buzunsa, ya shimfiɗa gindin tebur, ya tada kabbara.